Falanki Nawa Dekin Zai Ci? Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Gina Bene

Waɗannan su ne tambayoyin da masu gini suka fi yi wa kafintoci da injiniyoyi idan gini ya wuce linta, aka fara maganar zuba dekin, wato rufin kankare da benen zai zauna a kai. Lissafin da ke ciki na dekin mai kaurin inci 6 ne, irin wanda aka fi yi a gidajen zama. Mun yi awon da ƙafa da inci, domin da su ake ciniki a 'yan katako.

1. Wane irin katako ake buƙata, kuma mene ne aikin kowanne?

Iri uku ne. Na farko falanki, wanda ake kira 1x12x12, wato kaurinsa inci 1, faɗinsa inci 12, tsawonsa ƙafa 12. Shi ake shimfiɗawa a sama ya zama faranti, a ɗaura rodi a kansa, a zuba kankare. Na biyu 2x3, wanda kafintoci ke kira tu-bai-tiri, shi ke kwance a ƙarƙashin falanki yana ɗauke da shi. Na uku sandunan tokara, ko dai gora, ko sandunan itacen turare, ko na ƙarfe da ake haya, su ke tsaye daga ƙasa suna ɗauke da komai.

Ba jan katako mai tsada ake nema ba a nan. Farin katako mara nauyi ya isa, muddin a miƙe yake, ba shi da ruɓa, ƙusa kuma tana kama shi.

2. Falanki ɗaya yana rufe wuri nawa?

A suna, murabba'in ƙafa 12, tunda faɗinsa ƙafa 1 ne, tsawonsa 12. A zahiri kuwa, da wuya ka ɗora tef a kan falanki ka ga inci 12 cif. Za ka ga 11 da rabi, za ka ga 11, wani ma 10. Tun a wajen yanka ake rage shi, sannan ya ƙara tsukewa idan ya bushe a hanyarsa ta zuwa arewa. Wannan ba laifin kasuwa ɗaya ba ne. Ko a Na'ibawa ta Kano ka saya, ko Dei-Dei ta Abuja, ko Panteka ta Kaduna, ka je da tef a aljihunka.

Ka zaro falanki goma daga tsakiyar tulin, ba na sama da aka jera don ido ba, ka auna faɗin kowanne a baki biyu da tsakiya. Adadin da ya fi maimaituwa shi ne faɗin da za ka yi lissafi da shi. A duk misalan da ke ƙasa mun ɗauki inci 11, wanda ke nufin falanki ɗaya yana rufe murabba'in ƙafa 11. Ga masu awo da mita, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, wannan ya yi daidai da kusan murabba'in mita 1, saboda haka irin wannan falanki ɗaya ne ga kowane murabba'in mita, kafin a sa rara.

3. Me zai hana in auna tsawo da faɗin gidan gaba ɗaya, in raba da 12, in huta?

Wannan lissafi yana kuskure ta fuska biyu. Yana ƙirga kan bango, alhali kankaren da ke wurin a kan bulo zai zauna, ba ya buƙatar falanki a ƙarƙashinsa. Sannan yana ɗauka cewa kowane falanki inci 12 ne kuma ba za a yanke komai a zubar ba. Kuskuren farko yana ƙara adadi, na biyu yana rage shi, kuma babu mai ba ka tabbacin za su biya juna. Bugu da ƙari, bai san da gefe, da bim (kankaren da ke kwance a ƙarƙashin dekin yana ɗauke da shi), da matakala ba (tambaya ta 6 da ta 7). Yana da amfani idan kasafin kuɗi kake yi tun gini yana kan takarda. Ranar saye kuwa, ɗaki-ɗaki ake bi.

4. To, yaya ake lissafin ɗaki ɗaya?

Ka auna cikin ɗakin daga bango zuwa bango, a sama inda falankin zai zauna, domin bango yakan ɗan karkata, awon ƙasa ya saɓa da na sama. Ka zaɓi ɓangaren da falanki zai kwanta. Ɗaya ɓangaren kuma ka mayar da shi inci, ka raba da faɗin falankin, abin da ya fito shi ne yawan layuka. In ya fito da ɓurɓushi, a cike shi zuwa sama, ba a sayar da rabin falanki.

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12. Ƙafa 12 inci 144 ke nan. Ka raba da 11, ka samu 13 da ɗan ɗoriya. Ɗoriyar nan ita ce gibin da zai rage a jikin bango, kamar faɗin yatsa, kuma dole a toshe shi, don haka falanki 14. Da a ce na inci 10 ka samu, 15 za ka saya. Wanda ya dogara da sunan katakon zai sayo 12, ya bar kafinta a sama yana jiran biyu ko uku.

5. Ta wane ɓangare ya kamata falanki ya kwanta? Yana canza adadi?

Yana canzawa ƙwarai, kuma a nan ake gane kafintan da ya san aikinsa. Idan wani ɓangare na ɗakin ƙafa 12 ne, ko 6, ko 4, a kwantar da falanki ta nan, domin tsawon zai rabu ba tare da saura ba. Ɗaki mai 12 da 14, in aka bi ta ɓangaren 12, layi 16 ne, falanki 16, ko zarto ba za a ɗauka ba. In aka juya shi ta ɓangaren 14, layi 14 ne, amma kowane layi sai an cika shi da guntu mai ƙafa 2, guntayen kuma za su ci falanki 3, ya zama 17.

Ɗakin da ya fi ruɗa mutane shi ne irin mai 10 da 13. Ido yana ganin a bi ta ɓangaren 10, tunda falanki ɗaya ya ƙetare ba haɗi. Amma hakan layi 15 ne, falanki 15, kuma daga kowanne za a yanke ƙafa 2, ƙafa 30 ke nan na guntaye a ƙasa. In aka bi ta ɓangaren 13, layi 11 ne kawai, cikakken falanki 11 da guntaye 11 masu ƙafa 1, waɗanda falanki ɗaya zai fitar, jimla 12. An tsirar da uku a ɗaki ɗaya. Sharaɗin shi ne kowane haɗi ya faɗa a kan 2x3, bakin wannan da bakin wancan duka su samu wurin zama da ƙusa. Haɗin da ke rataye a iska zai buɗe da zarar kankare ya hau kansa.

6. Gefen dekin da bim fa?

Gefe shi ne falankin da ake tsayarwa a zagayen ginin don ya tare kankare. Ka auna zagayen gidan ta waje, ka raba da 12. Wasu suna cewa a tsaga falanki biyu tunda dekin inci 6 ne, amma falanki mai inci 11 in aka tsaga shi, 5 da rabi zai bayar, bai kai ba, kuma ana buƙatar wani sashe ya sauko jikin bulo inda za a kafe shi. A ƙirga shi cikakke. Idan akwai bim a kan bangon waje, wanda zurfinsa da dekin ya kai inci 18, to falanki biyu ne ɗaya bisa ɗaya, sai ka ninka adadin. Kada a manta da bakin ramin matakala, shi ma gefe ne.

Bim ɗin da ke ƙetare falo yakan zama inci 9 a faɗi, daidai da bulo, inci 18 a zurfi. Inci 6 na sama yana cikin dekin, saura 12 ke saukowa. Fuska uku ke nan za a rufe, ƙasa da gefe biyu, wato falanki 3 ga kowace ƙafa 12 ta tsawon bim. Silin inci 2 da za a tsage daga na ƙasa kada a yar da shi, da shi ake cike gibin gefen. Ainihin girman bim yana cikin zanen injiniya, a duba can kafin a yi lissafi.

7. Matakala tana cin katako da yawa?

Fiye da yadda ake zato, domin kusan komai nata yankawa ake yi. Ɗauki matakala mai faɗin ƙafa 4, da za ta hau ƙafa 10, da taki 20 masu tsayin inci 6, an raba ta hawa biyu da wurin hutawa a tsakiya. Gangaren kowane hawa ya kusa ƙafa 10, kuma faɗin ƙafa 4 yana cin layi 5, don haka ƙasan hawa biyun falanki 10. Gefunansu 4. Fuskokin taki 20, kowacce tsawonta ƙafa 4, faɗinta inci 6, falanki mai inci 11 guda 3 kawai yake fitarwa, sai an sa 7. Wurin hutawa mai 4 da 8 zai ci 3. Jimla 24.

8. A ba mu misalin gida cikakke.

Gida ne mai falo 14 da 20, ɗakunan kwana biyu 12 da 12, kicin 10 da 12, banɗaki biyu 6 da 8, da korido 4 da 24. Zagayensa ta waje ƙafa 130, akwai bim ɗaya da ya ƙetare falon ta ɓangaren 14, da matakala irin ta tambaya ta 7.

Falon layi 22 ne masu ƙafa 14, cikakku 22 da guntaye 22 masu ƙafa 2. A takarda falanki ɗaya yana ba da guntu 6, amma bakinsa yakan zo a tsage, a ƙirga 5, don haka guntayen za su ci 5, falon ya tashi 27. Ɗakunan kwana 14 sau biyu, 28. Kicin, ta ɓangaren 12, 11. Kowane banɗaki yana son rabin falanki guda 9, biyun 18, wato cikakku 9. Korido layi 5 masu falanki biyu-biyu, 10. Shimfiɗa gaba ɗaya 85. Lura cewa da faɗin wurin kawai aka raba, murabba'in ƙafa 880 da 11, da 80 za a samu, an yi kuren biyar.

Sai a ƙara gefe 11, bim 4, matakala 24, ya zama 124. Da rarar kashi 10 cikin 100, falanki 137 za a saya.

9. Rarar nan dole ce? Nawa ya kamata?

Dole ce. A cikin kowane lodi za ka samu wanda ya lanƙwashe kamar baka, da mai ɓawo a gefe, da wanda tsagarsa ta shiga ƙafa guda. Ana kuma buƙatar guntaye na ɗaure gefe, da na shimfiɗawa a ƙarƙashin gora, da hanyar da baro zai bi a kan rodi. Kashi 10 cikin 100 ya isa gida mai ɗakuna murabba'i. In akwai baranda mai lanƙwasa, ko kusurwoyin da ba su miƙe ba, ko kuma ba kai ka zaɓi katakon da hannunka ba, a kai shi 15. Kuɗin falanki goma bai kai na sake ɗauko mota zuwa kasuwa ba, ga ma'aikata zaune ana biyansu yini, kuma wanda ya rage ba asara ba ne, zai yi aiki a lintocin sama.

10. Yaya ake lissafin 2x3 da gora?

Ana jera 2x3 a gicciye da falanki, tazarar ƙafa 2 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, a kan siririn gefensa, wato inci 3 ɗin yana tsaye. Ka raba tsawon layin falanki da 2, ka ƙara 1 saboda na bakin bango. Ɗaki mai 12 da 12 yana cin 7. A gidan tambaya ta 8, ɗakuna 14, kicin 7, falo 16 (layi 8, kowanne yana cin guda biyu), banɗakuna 8, korido 5 (layi 13 masu ƙafa 4, guda ɗaya yana ba da uku), jimla 50, ban da na ƙarƙashin bim da matakala da wanda za a ɗaure gora da shi.

Gora ita ma tazarar ƙafa 2 a ƙarƙashin kowane 2x3. Ɗakin nan mai 12 da 12, layi 7 sau 7, gora 49. Tsawonta kuwa, daga tsayin ɗakin za a cire inci 1 na falanki, da 3 na 2x3, da kaurin abin da za ta taka a ƙasa da wejin da za a daidaita ta da shi. Gara a sayo mai tsawo a rage, domin gorar da ta gaza ba ta da gyara.

11. Kuɗi sun yi ƙasa. Zan iya rage gora, in buɗa tazararta?

A rage a ko'ina, ban da nan. Mita ɗaya ta kankare ta kowace fuska nauyinta kusan kilo 2,400 ne. Dekin mai inci 6 yana ɗora kilo 360 a kan kowane murabba'in mita. Ɗaki mai 12 da 12 kaɗai yana ɗaukar kimanin kilo 4,800, nauyin buhun siminti 96, kuma ɗanye ne, ba ya riƙe kansa ko kaɗan. Ƙara da mutanen da ke kai da kawowa da kwanon sarki, da baron da ake juyewa wuri ɗaya, da girgizar inji. A ranar zubi gora ce kaɗai tsakanin wannan nauyi da duk wanda ke ƙasa.

Idan tazara ta yi yawa, abu mafi sauƙi da zai faru shi ne 2x3 ya lotsa, dekin ya yi ciki, ya ci kankare fiye da lissafi, daga baya a yi ta cika shi da filasta. Mafi muni shi ne gora ɗaya ta karye, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kada tazara ta wuce ƙafa 2 sai da izinin injiniya. Kada a haɗa gora biyu a tsakiya don ta kai. Kada a ɗora ta a kan bulo mai rami da aka tsayar, ko a kan ƙasar ciko da ba a daddale ba, musamman da damina ko bayan an yi ta zuba ruwa. A shimfiɗa guntun falanki a ƙarƙashinta, a ɗaure layukan da juna a tsakiyar tsayinsu ta ɓangare biyu. Kafin a kira masu zubi, a shiga ƙarƙashi a girgiza kowace ɗaya da hannu. Wadda ta motsa ba ta ɗauke da komai, a buga mata weji.

12. Idan da marin-bod zan yi, guda nawa?

Faifan marin-bod, wato faffaɗan katako na silin-bod mai kauri da ke jure ruwa, ƙafa 4 ne da 8, murabba'in ƙafa 32, kusan daidai da falanki 3 masu inci 11, kuma girmansa bai cika saɓawa da sunansa ba. Na dekin shi ne mai kaurin milimita 18. Ɗaki mai 12 da 12 yana cin 4 da rabi, wato 5, amma ɗakuna biyu 9 ne, tunda rabin da ya rage a nan zai shiga can. Shimfiɗar gidan tambaya ta 8 za ta ci 28 a takarda, a sa 32 saboda yanka. Tazarar 2x3 ta fi kyau a inci 16, domin tana raba ƙafa 4 da 8 daidai, kowane baki ya samu mazauni, wanda ke nufin ƙarin 2x3 a kan lissafin tambaya ta 10. Yana ba da ƙasan dekin mai santsi, kuma ana maimaita aiki da shi in an shafa masa mai an kiyaye gefunansa daga ruwa. Ga mai gina gida ɗaya, falanki ya fi sauƙi. Ga mai hawa uku ko ɗan kwangila, marin-bod yana mayar da kuɗinsa.

13. An jera falanki ba gibi, bayan kwana biyar sai ga haske ta tsakaninsu. Me ya faru?

Ɗanye aka sayo. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, ba ta tsawo ba, kuma da hunturu ko zafin bazara, kwanakin da masu ɗaurin rodi da mai wayar lantarki za su ɗauka sun isa su buɗe shi. Ta gibin nan ruwan siminti ke tsiyayewa, a bar tsakuwa tsirara, ƙasan dekin ya fito da ramuka, rodi ya fara tsatsa. Maganinsa a shimfiɗa leda a kan falanki kafin rodi, a toshe manyan gibi da sili, sannan a jiƙa katakon sosai kafin zubi inda babu leda, don ya kumbura kuma kada ya tsotse ruwan kankare. Ɗanyen falanki ana gane shi da nauyi da sanyin jiki. In shi ke akwai, a rage rabin inci daga faɗinsa a lissafi.

14. Yaushe ake cire katako, kuma tsohon falanki yana sake aiki?

Gefen dekin da gefen bim ana iya cire su bayan kwana ɗaya ko biyu, domin ba sa ɗauke da nauyi. Ƙasan dekin da gora kuwa, al'adar wurarenmu kwana 21 ne, kankare kuma a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Baranda mai fitowa waje da dogon bim su ake barin ƙarshe, kuma injiniya ke da ta cewa. Wannan yana shafar lissafi: ba za ka sayi rabin katako da niyyar cire shi bayan mako ɗaya ka kai wani ɗaki ba.

Tsohon falanki yana aiki in an cire ƙusoshinsa an kankare simintin jikinsa. Sai dai a auna shi ɗaya-ɗaya, domin yawancinsa an riga an yanke, a jera masu tsawo ɗaya wuri ɗaya, a ba banɗaki da korido gajerun. Yawan ƙusa shi ke kashe falanki wajen cirewa. Biyu a kan kowane 2x3 sun wadatar, masu inci 2 da rabi ko 3.

15. Adadin da kafinta ya rubuto ya fi nawa da yawa. Cuta ce?

Ba lallai ba. Ka roƙe shi ya rarraba maka takardar: nawa na shimfiɗa, nawa na gefe, nawa na bim, nawa na matakala, da faɗin falankin da ya yi lissafi da shi. Sau da yawa za ka tarar ya ƙirga abin da ka manta, ko ya san katakon da ke kasuwa a makon bai wuce inci 10 ba, wanda shi kaɗai zai ɗaga 85 zuwa sama da 90. In bambancin ya wuce kashi 20 cikin 100 bayan an daidaita waɗannan, ku zaga ɗakunan tare da tef. Wanda adadinsa ya yi ƙasa ƙwarai shi ya fi cancantar tambaya, domin ko dai zai dawo neman ƙari, ko ya buɗa tazarar da aka yi gargaɗi a kanta a tambaya ta 11.

16. Idan dandamalin katako zalla nake so, wanda za a taka, ba na zuba kankare ba fa?

Lissafin layuka ɗaya ne da na tambaya ta 4, da bambanci guda: a nan da gangan ake barin gibi tsakanin katako, kashi ɗaya cikin takwas na inci zuwa rubu'in inci, don ruwan sama ya wuce kuma katako ya samu wurin kumbura. Sai a haɗa gibin da faɗin kafin a raba. A Amurka, inda irin wannan dandamali ya zama ruwan dare a bayan gidaje, katakon da ake kira inci 6 ainihin faɗinsa 5 da rabi ne, ana ɗora shi a kan masu ɗauka da tazarar inci 16. Faɗin ƙafa 12 da irinsa, inci 144 a raba da 5.625, layi 26. In an jera shi a karkace don ado, rara ta koma kashi 15 cikin 100, kuma a matso da masu ɗaukar zuwa inci 12.

A nan gida, farin falankin dekin ba zai yi wannan aiki ba, gara da damina za su gama da shi. Ana neman katako mai tauri irin su loko ko maɗaci, busasshe, a shafe shi da maganin gara ta kowace fuska har da bakin da aka yanka, a ɗaga shi daga ƙasa a kan ginshiƙan kankare, a bar iska tana ratsa ƙarƙashinsa.